Ni na gano matsalar, shi aka yaba wa, sannan ya janyo mini hadisi

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Adimin a yi mini uzuri, rubutun zai ɗan yi tsawo, tun shekaranjiya abin yake cina. Shekarata shida ina rubuta manhaja. Makon jiya manhajarmu ta fara rubuta biyan kuɗin wasu kwastomomi sau biyu, ba kuma kullum ba. Kwana uku ana neman dalili. Na zauna da rumbun bayanan har ƙarfe ɗaya na dare, sai na lura duk waɗanda aka maimaita sun faɗo ne tsakanin sha ɗaya da sha biyun dare. Ashe ɓangare ɗaya na aiki da agogon ƙasarmu, ɗayan da agogon duniya, tazarar awa guda. A wannan awar ɓangare ɗaya yana ganin gobe ta yi, ɗayan yana nan a yau, sai a ɗauka ciniki biyu ne. Da safe na faɗa a mitin. Manaja ya ce "to", ya juya ga wani. Bayan kamar minti ashirin wani abokin aikina ya maimaita maganata, ko jerin kalmomin bai canza ba, manaja ya buga tebur ya ce yawwa, wannan shi ne injiniya. Da muka fito na tare shi a bakin matakala na ce, Malam, ai maganata ce ka maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ku da Annabi ma ya ce masu tauyayyen hankali ne?" Satar ba ta yi mini zafi kamar wannan ba. Tambayata ga malaman gidan nan: abin da hadisin ke nufi ke nan?

'Yar Aji Uku: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Anti wallahi mu ma a makaranta haka ne. In aka raba aikin rukuni, mace ce mai rubuta rahoto, maza su ne a gaban kwamfuta. Ba a ma tambayarki.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Satar basira zalunci ce ko wa aka yi wa, ban goyi bayansa ba. Amma 'yar'uwa mu yi hattara. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, ba za mu goge shi don ya ɓata wa wani rai ba. Sannan tambayar da ba a yi ba: me ya kai mace aiki har ɗaya na dare, da mitin cikin maza? Allah ya ce "ku tabbata a gidajenku".

Maman Ikram: A falona na yi aikin daren, Malam, mai gidana na gefe yana kallon ƙwallo. Kuma ban ce a goge hadisi ba. Cewa na yi a fassara mini.

Malam Na-Zaure: Bismillah. 'Yata, Allah ya huci zuciyarki. Hadisin ya inganta kamar yadda Abu Safwan ya faɗa, sai dai abokin aikinki ya yanko tsakiyarsa ya bar kai da ƙafa. Abu Sa'id al-Khudri ne ya ruwaito. Ranar idi ce, Manzon Allah (SAW) ya biya ta wajen mata yana kwaɗaitar da su sadaka. Jimlar kuma ba ta tsaya inda mutuminki ya tsaya ba: cewa ya yi bai ga masu tauyayyen hankali da addini da suka fi ɗayansu iya tafiya da hankalin namiji mai tsantseni ba. Matan ba su yi shiru ba, nan take suka ce mene ne tauyewar? Shi da bakinsa ya iyakance ta: ta hankali ita ce batun shaida, ta addini ita ce barin salla da azumi lokacin al'ada. Wanda ya yi maganar ya fassara ta, to ina wani ya samu izinin faɗaɗa ta ta kai ga lissafi, ko likitanci, ko wannan agogon naku da ni ban ma gane shi ba? Barin salla lokacin al'ada umarni ne ma, mace lada take samu da bin sa.

Wani abu kuma da ba a cika karantawa ba. A Bukharin dai, bayan wannan huɗuba Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta bi Annabi har gida tana tambaya ko sadakarta za ta halatta ga mijinta, don ita ce ke ciyar da shi da marayun da ke hannunta. Aka ce mata lada biyu gare ta.

Abu Safwan: Allah ya gafarta Malam, to ai shaidar ita ce hujjar. Baƙara aya ta 282, mata biyu a madadin namiji ɗaya. Nassi ne.

Malam Na-Zaure: Nassi ne, a kan rubuta bashi. Karanta ayar daga farkonta, ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Amma ka duba hadisin Uƙba ɗan Haris: mace ɗaya tal ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, Annabi ya ce yaya za ka zauna da ita bayan an faɗa, auren ya rabu. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani cewa abin da mai ba da bashi zai tanada don kare haƙƙinsa daban, abin da alƙali zai iya yanke hukunci da shi daban. Sannan ga babbar: ruwayar hadisi. Addini kacokan ake ɗorawa a kanta, kuma babu malamin da ya taɓa cewa sai mata biyu sun haɗu kafin a karɓi hadisi. Nana A'isha ita kaɗai an ruwaito mata hadisai 2,210. In hankalinta rabi ne, ka faɗa mana rabin da za mu zubar.

Tsohon Injiniya: Ni ba malami ba ne, bari in kawo ta ɓangarenmu. Na fara wannan sana'a tun ana ajiye bayanai a faifan da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Yaran yanzu sun ɗauka tun asali aikin maza ne. Ba haka ba ne. Kalmar kwamfuta kanta a da sunan ma'aikaci ce, mutum mai zama yana lissafi da hannu, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka cika wannan aiki. ENIAC, ƙatuwar na'urar da aka nuna wa duniya a 1946 a Jami'ar Pennsylvania, mata shida ne suka tsara mata ayyukanta, suna jona wayoyi da hannu, ba littafin koyarwa. Ranar da aka kira 'yan jarida ba a gabatar da ko ɗayansu ba. Don haka Maman Ikram, abin da aka yi miki a mitin ya girmi mahaifinki. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969. A Amurka a 1984 kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin kimiyyar kwamfuta mata ne. Daga nan ya yi ta zamewa har ya koma ƙasa da kashi 20. Ƙwaƙwalwar mata ba ta ragu a 1985 ba. Masu bincike da yawa na danganta abin da lokacin da kwamfuta ta shiga gidaje, aka riƙa tallarta a matsayin kayan wasan yara maza. Yaro ya zo jami'a da shekara biyar a gaban allo, yarinya ta zo ranar farko ta tarar kowa ya riga ta, sai ta ɗauka ita ce daƙiƙiya.

Mai Shakka: Ku daina kewaye-kewaye. Duk lokacin da aka yi wannan magana sai a ce "ba addini ba ne, fassara ce". To fassarar nan shekara dubu da ɗari huɗu ba ta gyaru ba? Matsalar a tushe take.

Tsohon Injiniya: Ɗana, ka karanta abin da na rubuta kuwa? Wane malami ne ya yi wa Amurkawa wa'azi a 1984? Ga Malesiya can, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, mata sun kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta, an daɗe ana rubutu a kan haka. Mace ta farko da ta ci lambar Fields, wadda ta fi kowace daraja a lissafi, Maryam Mirzakhani ce a 2014, kuma a Tehran ta yi digirinta na farko. In addini ne kaɗai, lissafinka bai fita ba.

Mai Shakka: Afganistan fa, Baba? Disambar 2022 aka rufe wa mata ƙofar jami'a. Da sunan wa aka yi?

Malam Na-Zaure: Da sunan addini aka yi, ba za mu ɓoye ba. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito ya ce ya saɓa wa shari'a, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ma ta yi tir. Amma na yarda da kai a abu guda: yarinyar da aka kora daga aji, tir ɗin da aka yi a Alƙahira bai mayar da ita kan benci ba.

Maman Bulus: Ku ba ni wuri in sa baki, ko da yake ni Kirista ce. Mu ma muna da tamu ayar, 1 Timoti 2:12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. Wasu sun ce umarni ne har abada, wasu sun ce yana magana ne da ikilisiyar Afisa a kan halin da take ciki, suna kafa hujja da Biriskilla da ta koyar da Afolos. Cocin Ingila sai a 1994 ta naɗa mata firistoci, bishop mace ta farko sai 2015. Abin da na lura, namijin da bai buɗe Littafi Mai Tsarki ba tun Kirsimeti, wannan ayar ya haddace ta.

'Yar Aji Uku: Anti kin kashe ni da dariya. Namu ma wallahi, Asuba sai rana ta take, amma ya san aya ta uku a Suratun Nisa'i.

Adimin: A kiyaye harshe don Allah. A tsaya kan magana.

Maman Ikram: Malam na gode, na samu natsuwa. Bari in faɗi abin da ya zo mini ina karanta ku, in na yi kuskure a gyara mini. A wajen aikinmu akwai labarin da kowa ya sani. Amazon ta gina wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira don tace takardun masu neman aiki. Aka ciyar da ita takardun shekara goma na waɗanda suka nema a baya, mafi yawansu maza. Ba wanda ya rubuta mata "ki ƙi mata". Ita da kanta ta koyi rage maki ga duk takardar da kalmar "mata" ta fito a ciki, ko da shugabar ƙungiyar wasan dara ta mata ce. Reuters ta fallasa labarin a 2018, kamfanin ya riga ya watsar da manhajar. A shekarar dai Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin duba fuska na kamfanoni uku. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A kan mata baƙaƙe, irina, ya kai kashi 34.7. Hotunan da aka koyar da na'urar da su ne babu mu a ciki sosai.

To sai na ga abokin aikin nan nawa kamar wannan manhaja yake. Tun yana yaro an ciyar da shi hadisi uku ko huɗu a kan mata, kullum su ake juyawa. Ba a taɓa ba shi labarin Zainab ba, ba a ba shi na Ummu Salama a Hudaibiyya ba, ranar da sahabbai suka kasa tashi su yanka hadayarsu, ita ta ce wa Annabi ya fita ya yanka nasa ya yi aski kada ya yi wa kowa magana, aka bi shawararta abin ya warware. Abin da aka zuba masa shi yake fitarwa.

Abu Safwan: A'a, nan kam ban yarda ba. Kina kwatanta wahayi da tarin bayanan kamfani? Subhanallah. Wannan ita ce ƙofar da 'yan boko aƙida ke shigowa ta ita: yau a ce malamai maza ne suka fassara, gobe a ce maza ne suka ruwaito, jibi a ce a ajiye Bukhari.

Maman Ikram: Ban kwatanta wahayi da komai ba, Allah ya tsare ni. Kan mutumin na kwatanta, da abin da aka zaɓa aka sa masa a ciki. Bukhari yana nan cikakke. Shi ne bai karanta ba.

Hajiya Inna: Tun ɗazu nake karatu, jikata ce ke riƙe mini wayar. Shekara talatin da ɗoriya ina koyar da matan aure. Abu Safwan ɗana, tsoronka na gane shi, kuma akwai masu yin abin da ka faɗa. Amma Bukharin da kake karewa, ka san ta hannun wa ɗaya daga ingantattun ruwayoyinsa ta iso? Karima al-Marwaziyya, a Makka, ta rasu shekara ta 463 bayan hijira. Al-Khaɗib al-Baghdadi, da girmansa, a gabanta ya zauna ya karance littafin cikin kwana biyar. Imam Zahabi da ya tara masu ruwayar da aka soka, da ya iso kan mata cewa ya yi bai san wadda aka tuhuma da ƙarya a cikinsu ba. A zamaninmu Shaikh Akram Nadwi ya shiga neman tarihin mata malaman hadisi yana zaton ɗan ƙaramin littafi zai yi, ya ƙare da mujalladi 43.

Kuma mayar da martani ga namiji a kan fassara ba 'yan boko suka fara ba. Da aka gaya wa Nana A'isha ana cewa kare da jaki da mace suna yanke salla, cewa ta yi kun kamanta mu da jakuna da karnuka? Ta ce Annabi yana salla tana kwance tsakaninsa da alƙibla. Da aka ce ana yi wa mamaci azaba saboda kukan iyalinsa, ta janyo ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Zarkashi littafi guda ya tara na gyare-gyaren da ta yi wa sahabbai. Da a wannan gidan ta yi, ina jin da wani ya ce mata ta ji tsoron Allah.

Ni abin da ya fi ba ni takaici, akwai maganar da aka daɗe ana yawo da ita wai kada a koya wa mata rubutu. Malaman hadisi sun ce ƙirƙirarriya ce. Ingantaccen shi ne na Abu Dawud, inda Annabi ya tarar da Shifa'u 'yar Abdullahi wajen Hafsa, ya ambaci cewa ita ta koya mata rubutu. Amma na ƙaryar ya fi na gaskiyar tafiya. Mahaifiyata da shi aka hana ta riƙe alƙalami, ta iya karanta Alƙur'ani, ta rasu ba ta iya rubuta sunanta ba.

Abu Safwan: Hajiya Allah ya jiƙan Inna. Ilimi ban musa ba. Cakuɗuwa nake magana, da keɓancewa da namiji a ofis. Ko ita ma an soke ta?

Malam Na-Zaure: Ba a soke ba. Keɓancewa haramun ce, kuma hukuncin a kan namijin yake kamar yadda yake a kan macen, ban san dalilin da ya sa kullum ita ake cewa ta koma gida ba. Wannan ƙorafi naka an yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo irinsa. Wani malamin Borno, Mustafa Gwani, ya rubuto masa waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, amsar kuwa ita ce barin su cikin jahilci ya fi wannan muni. A littafinsa Nurul Albab Shehu ya caccaki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu a duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajis, wato jagororin mata malamai, suna bin ƙauyuka suna koyar da mata. Ayar "ku tabbata a gidajenku" kuwa, jerin ayoyin da matan Annabi ya fara, malamai sun yi saɓani kan iyakar shigar sauran mata. Nana A'isha da take cikin matan da ayar ta yi wa magana ba ta fahimci cewa ta daina koyar da maza ba.

Abu Safwan: Zan koma in duba. Amma har yanzu ina ganin akwai ayyukan da suka fi dacewa da mace, kuma shugabanci a kan maza akwai hadisin Abu Bakra, cewa mutanen da suka shugabantar da mace ba za su rabauta ba.

Malam Na-Zaure: Akwai, an faɗe shi lokacin da labari ya zo Farisawa sun naɗa 'yar sarkinsu Kisra a kan mulki. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan shugabancin ƙasa. Hanafawa sun yarda mace ta yi alƙalanci a abin da ba haddi da ƙisasi ba. Shugabar masu rubuta manhaja su bakwai ba halifa ba ce. Wannan zaure daban yake buƙata, kuma ido ya fara yi mini yaji.

Mai Shakka: Duk kun yi ƙoƙari, amma manajan fa? Shi bai janyo aya ba, bai janyo hadisi ba, ya dai ƙi jin muryarta. Shi wace fassara za ku gyara masa?

Tsohon Injiniya: Wannan tambayar ta fi duk wadda ka yi yau. Na shugabanci mitin ɗaruruwa, kuma in na ce ban taɓa yin abin da manajan nan ya yi ba na yi ƙarya. Akwai wani bincike a kan GitHub, dandalin intanet da masu rubuta manhaja ke tura wa juna gyaran aiki, da aka wallafa a 2017: gyaran da mata suka tura an fi karɓarsa a kan na maza, amma a cikin baƙin da ba 'yan gida ba, in ana iya gane mace ce daga suna ko hoto, sai karɓar ta ragu. 'Yata, shawarata ta tsohon ma'aikaci: duk abin da kika gano, ki rubuta shi a imel kafin mitin, ki sa kowa a ciki. Imel yana da kwanan wata da lokaci.

Maman Ikram: Baba, ni ma a GitHub ɗin ba sunana nake amfani da shi ba, haruffa uku ne da lamba, hoton kuma na kyanwa. Shekara huɗu ana ce mini "ɗan'uwa" ban taɓa gyarawa ba. Imel kuwa na tura tun ƙarfe 1:12 na daren, kafin in kwanta. Ba wanda ya buɗe.

'Yar Aji Uku: To Anti ki sake tura masa mana!

Maman Ikram: Na dawo da labari. Jiya na sake tura wa manaja imel ɗin, ban ƙara ko kalma ba. Ya amsa da "Na gani." Shi ke nan. Rahoton da ya tafi sama har yanzu sunan wancan ne a kai. Shi kuma mutumin na same shi wajen na'urar buga takardu na ce, Malam, hadisin nan da ka karanto mini, ƙarasa mini shi, wa ya ruwaito, a wace rana aka faɗa? Ya ce shi dai a wani bidiyo ya ji. Na ce matan da aka gaya wa sun yi tambaya, ka san amsar da aka ba su? Ya ce takardarsa ta maƙale a injin, bari ya kira mai gyara. Na buɗe murfin gefe na zaro masa ita.

Hajiya Inna: Malam Na-Zaure, in ka tashi ka turo mini babin da hadisin Zainab yake, ina so in karanta wa ɗalibaina ranar Asabar.

Malam Na-Zaure: Kitabuz Zakati ne, Hajiya, babin zakka ga miji da marayun da ke hannun mutum. Lambar ta bambanta daga bugu zuwa bugu, wane bugu ne a wajenki?